Mushe Tasi'u Mai Tampo

Abu uku Allah ya ba Madawa ya hana maƙwabta: gudro, wato titin kwalta da ya ratsa gari, albasar da ake kaiwa har bakin teku, da Mushe Tasi'u (Mushe na faransanci, wato Malam). Gudro kan farfashe da damina. Albasa kan ruɓe in ta ji laima. Mushe Tasi'u kuwa shekara goma sha ɗaya ke nan muna amfani da shi, ko tsatsa bai yi ba. Garkuwar leburori. Kundin Adar. Bangon talaka, jingina ka kwana ƙasa. Inuwar giginya, na nesa ka sha.

Kada wani ya ce hassada ce ta sa ni ɗaukar bik in yi wanga rubutu. Taubashina ne, uwata da ubanshi nono ɗaya sunka sha, kuma har yau ba mu gama gardamar wane ne bawan wani ba. Ni daga aji shida na yi sallama da lakkwal, na kama kabu-kabu. Shi ya ƙara aji biyu a kaina, kuma ajin nan biyu su yake ta ja mana tsawon rayuwa kamar roba.

Asalin ɗaukakarshi wata tara ne da ya yi a Tawa, a biro, wato ofishin da ke kula da ma'aikata. In shina ba da labari sai ya ce babu takardar da ta taɓa shiga biron nan ba ta bi ta hannunshi ba. Gaskiya ya faɗi. Shi ke ɗaukarta daga wanga tebur ya kai wancan, in ya dawo ya hura gawayin shayi. Planto ne. Amma da ya sauko tashar Madawa sai ga shi da kwat, da tabarau wanda gilashinshi bai ƙara komai bai rage komai ba, da wani jan littafi mai kaurin tubali maƙale a hammatar hagu. Kundin dokar aiki ke nan. Tun ranar ba a sake ganin hammatar nan ba kowa ciki. Da kundin yake zuwa suna, da shi yake zuwa jana'iza, kuma matarshi ta taɓa shaida wa uwata a asirce cewa har wanka sai ta yi da gaske yake ajiye shi.

Alhaji Harisu, mai mangaza, wato babbar ma'ajiyar albasa ta bakin gudro, mutum ne da rabin shekararshi ke ƙarewa tsakanin Abijan da Kwatano. Ya ga kwat, ya ga littafi, ya ce wanga shi ne mai tsaron gida. Ya ba shi makulli ya ce ya zama jeran, wato mai riƙon mangaza. Mutum ashirin da ɗoriya ke ƙarƙashinshi: mata masu zaɓen albasa, suna ware mai lahiya da mai ciwo, maza masu ɗinke wa buhu hula, da 'yan dako masu loda kamiyo, manyan motocin kaya.

Abu na farko da sabon jeran ya yi, kafin ya san ƙofa nawa ke ga mangazar, shi ne ya aika Yamai anka sassaƙo mishi tampo, hatimin nan na roba mai zagaye. Ranar da tampon ya iso, garin ya san an yi baƙo. Ya buga wa takarda. Ya buga wa buhu. Ya buga wa ƙofar biro, ya buga wa katin bikin ƙanwarshi, kuma akwai jakin mai ruwa da ya yi sati biyu shina yawo cikin Madawa da sunan taubashina a cinya. Sa hannunshi kuma, sai wanda ya gani. Kunama ce ke kokawa da maciji cikin ƙaya, ga wata wutsiya da ke zagayowa sau uku kafin ta kwanta. Mai gaggawa kan yi raka'a biyu ya sallame, Mushe bai kai ga wutsiyar ba.

A fagen haƙƙin ma'aikata kuwa, ba a taɓa yin bakin da ya kai nashi zaƙi ba. Ma'aikata sunka tambaye shi hutun sati. Ya buga kundin da tafin hannu, ƙura ta tashi.

"Kamarad, doka ta ba kowane ma'aikaci kwana ɗaya cikin bakwai, kuma ni zan mutu a kan wanga haƙƙi. Sai dai artikil, wato sashe, na ɗari takwas da uku ya yi togaciya: albasa ba ta san Lahadi ba."

Isaka ɗan dako, buhu ya suɓuce daga kan kamiyo ya murƙushe mishi yatsun ƙafa biyu. Anka ɗauko shi a kura zuwa ƙofar biro. Mushe ya leƙo ya duba ƙafar ta saman tabarau.

"Hatsarin aiki babban al'amari ne, ni na san shi tun daga tushe. Amma sharaɗinshi shi faru gaban idon jeran. Ni kuwa lokacin gabas nake kallo."

Mata sunka roƙi rumfa, don rana na dafa su tare da albasar. Ya karɓi koken da hannu biyu, ya rubuta shi, ya sa hannu, ya buga tampo, ya manna a bango. Shekara takwas takardar ta yi a bangon. Mai son inuwa sai ta je ta karanta.

Duk wannan share fage ne. In kana son ganin Mushe Tasi'u cikin cikakkar haiba, ka zo ranar ɗaya ga watan Mayu, sallar ma'aikata. Zafin da ke sa ƙadangare neman takalmi, shi kuwa cikin kwat da karabat ɗaure a wuya, gumi na bin gemu, shina gaban jerin gwano kamar shi ya ƙirƙiro ranar. In an watse sai ya tara mutanen mangaza, ya hau kan buhu biyu, ya ɗauki lasifika ko da yake wanda ya fi nisa da shi bai wuce taku biyar ba.

"Ma'aikaci shi ne gishirin ƙasa. Duk wanda ya taɓa ma'aikaci, ni ya taɓa. A Tawa, manya na tashi tsaye in na shigo da takarda. Ku gode Allah da ya ba ku jeran da ya sha doka kamar hura."

Daga nan sai rabon kyauta. Wasu mangazu kan yanka akuya ranar. Taubashina ya fi ƙarfin akuya. Takardar yabo yake ba kowa, da faransanci, mai zanen fure a gefe, kuma sai ya fassara ta da babbar murya: shi, Tasi'u, jeran, ya shaida cewa wance ma'aikaciyar wagga mangaza ce ta dindindin, tun shekara kaza, mai himma, ba ta fashi. Kalmar dindindin ɗin nan a Tawa ya tsinto ta, ya ji tana da nauyi a baki, ya riƙa zuba ta cikin kowace takarda kamar magi. Sa hannu, tampo, tafi. Na gaba.

Takardun sun yi amfani, kada a zalunce shi. Tsohuwa Tabawa, wadda ta fi kowa daɗewa a zaɓe kuma ta fi kowa kaifin harshe, ta ce ba ta taɓa samun abin hura wuta mai kama da su ba. Isaka na ƙunshe taba da tashi. Akuyoyin unguwar sun ci yabo har sun yi ƙiba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yar da tata ba. Rahila, 'yar garin Babankatami, wadda aure ya kawo Madawa. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Amma tana ƙarama ta ga an raba ubanta da gonar da ya gada, don wancan ya zo da takarda mai hatimi shi kuwa ya zo da rantsuwa. Tun daga nan, duk takardar da ta ga zagayen shuɗi a kanta, ninke ta take ta sa a gindin kwalla, ƙarƙashin zannuwan fita. Shekara tara tana durƙushe gaban tsibin albasa. Mijinta Abdallah na Aljeriya wajen bidar kuɗi, sai ya shekara ya leƙo. Ɗiya uku, ga uwar miji wadda ido ya yi wa rauni, duk daga durƙuson nan suke ci.

Bana Allah ya ba ta ciki. Da ya shiga wata takwas, durƙuso ya gagara, ta kifa tsohuwar tasa tana zama a kai. Wata safiya ta je ƙofar biro, ta rusuna iyakar yadda cikin ya bari.

"Mushe, ina kwana. Watana ya kusa. Ina roƙon a ba ni hutu, kuma a aje mini wurina har in yi arba'in in dawo."

Garkuwar leburori ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Abin da Rahila ba ta sani ba, ni kuwa na sani don a gidanmu anka yi zancen, shi ne ya riga ya yi wa ƙanwar matarshi alkawarin wuri, kuma wurin bai samu ba sai wani ya tashi.

"Rahila, hutun haihuwa haƙƙi ne mai tsarki. Ni da kaina na sha kai takardunshi a Tawa. Amma na ma'aikata ne. Ke 'yar rana ce. Kin zo da safe, kin tahi da marece, tsakaninmu ya ƙare, gobe kuma sabon sani. A idon doka, ni ban ma san ki ba."

"Shekara tara, Mushe."

"Rana ɗaya ce anka maimaita. Ga shi kuma kin kawo kujera wurin aiki ba da izni ba. Daga gobe ki huta, hutun da ba ya ƙarewa."

Ta ɗauki tasarta ta fita. Ba ta yi kuka a gabanshi ba, sai da ta kai gindin itacen bedi na bakin hanya. Gwano dai ba ya jin warin jikinshi: da la'asar ɗin ranar Mushe na majalisar mai shayi shina bayanin yadda ake zaluntar leburori a ƙasashen waje.

Da ya bar abin nan haka, da ya ci bulus. Amma ɗan akuya in ya ƙoshi, kura yake nema da wasa. Sati bai cika ba ya ji labarin wata ansifekta, mai duba wuraren aiki, za ta zo rangadi daga Tawa. Mangazar Alhaji ba ta ma cikin jerin inda za ta. Mushe ya rubuta wasiƙa shafi uku, tampo huɗu, shina gayyatarta ta zo ta ga wurin aiki abin koyi a Adar duka. Ya kira Alhaji Harisu a salula ya ce ya baro Abijan maza, ana batun lambar girma. Anka shafe bango da farar ƙasa. Anka ari rumfar biki ta yini ɗaya. Anka koya wa ma'aikata amsa: duk abin da Madam ta tambaya, a ce lahiya lau.

Tabawa ce ta je gidan Rahila da daddaɗan labarin zuwan ansifekta, ta ce mata ta ɗauko abin da ke gindin kwalla. Ranar rangadin ni kuma na ɗauko Rahila a babur, ina tuƙi kamar mai dakon ƙwai.

Motar ta iso da hantsi. Madam Ummukulsum ta fito, mace 'yar siririya da jaka da ƙaramin littafin rubutu. Mushe ya tare ta da hannu biyu a buɗe, kundin na neman faɗuwa, shina cewa tsohon abokin aiki na yi wa biro maraba. Madam ta dube shi da ladabi irin na wanda ke laluben inda ya san fuska. Direbanta, wani dattijo Tanko, shi ya fid da ita.

"A'a, Tasi'u ne? Madam, kafin zuwanki ne. Ba a taɓa yin mai shayi kamarshi ba a biron nan. Har yau muna zancen na'ana'arka."

Mushe ya yi tari, ya ce a wuce ciki. Ya hau buhunshi biyu. Ya yi jawabin gishirin ƙasa tun daga farko, ya ƙara da cewa a wagga mangaza ma'aikaci ɗa ne, jeran uwa. Madam ta tambayi mata ko akwai damuwa, sunka ce lahiya lau. Ta tambayi Isaka me ya sami ƙafarshi, ya ce lahiya lau. Alhaji Harisu na kan kujera cikin babbar riga shina jiran lamba.

Sai Rahila ta shigo, ciki a gaba, ƙunshin zane a hannu. Ta gaida Madam, ta faɗi abin da ya faru cikin magana biyar ko shida, ba ƙari.

Mushe ya yi murmushin tausayi. "Madam, kin san halin mutanenmu. 'Yar rana ce. Takan zo jefi-jefi in aiki ya yi yawa. Sunanta ma sai na yi tunani."

Rahila ta kwance ƙunshin. Takarda tara, kowace da furenta, suna ƙanshin turaren kwalla. Madam ta jera su kan buhu ta bi su ɗaya ɗaya da yatsa. Ta ɗago.

"Nan an rubuta ma'aikaciya ta dindindin. Sau tara. Mushe, ko dai wani ne ya kwaikwayi hannunka?"

Ƙofa ce ta buɗe mishi, faɗinta ya kai na mangazar. Alhaji Harisu, wanda ya fara gane cewa ba lamba anka zo bayarwa ba, ya matso ya yi raɗa irin ta mutumin da ya saba magana cikin ƙarar kamiyo, har na bakin ƙofa sunka ji: "Ka ce jabu ne."

Na dubi taubashina. Wallahi na ga yaƙi a fuskarshi. Ga tuwonshi a gefe ɗaya, ga kunama da maciji a ɗayan. Ya dubi wutsiyar nan mai zagaye uku, yadda ta kwanta a takarda ta tara, wadda ita ce ta fi kyau duk cikinsu.

"Madam," ya ce, ƙirji a gaba, "daga Keita har Ƙonni ba a haifi wanda zai kwaikwayi hannun nan ba. Ba ni littafinki ki gani."

Ya karɓi littafin ansifekta, ya zana sa hannun a gabanta, bai rage ko lanƙwasa ɗaya ba. Ya zaro tampo daga aljihu, ya huhhura, ya danna. Ya miƙa mata shina jiran yabo. Madam ta gwada da na Rahila ta ce lalle babu bambanci, ta gode da taimakon da ya yi wa bincike. Alhaji ya zame hula ya riƙe kai.

"Saura abu ɗaya," in ji Madam. "Nuna mini artikil ɗin da ka sallame ta da shi. Ga kundi a hannunka."

Mushe ya sauko da kundin daga hammata. Ya ja bango, bai buɗe ba. Ya sa farce, bai buɗe ba. Gumin shekara goma sha ɗaya ya bi shafukan ya liƙe su, littafin ya koma tubalin da yake kama da shi tun farko. Isaka ya ɗingiso ya miƙa mishi basillar ɗinkin buhu, ya ce ko za ta yi amfani. Tabawa ta ce a bar shi haka, kada dokar ta sha iska ta lalace.

Madam ba ta bukaci littafi ba. Ta ce mace mai ciki na da hutun sati goma sha huɗu, ba a korarta a cikinshi, kuma wurinta na jiranta. Ta rubuta, ta sa Alhaji ya sa hannu, nashi ɗan guntu kamar ƙafar kaza. Ta ce za ta dawo ta ga an yi wa sauran rajista, ta ga rumfa wadda ba ta aro ba, ta kuma ji labarin ƙafar Isaka daga bakin da ba a koya wa amsa ba. Ta ninke takardu tara ta mayar wa mai su, ta ce ta ci gaba da adana su.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba Alhaji ya miƙa hannu. Makulli. Tampo. Mushe ya ja da baya ya fara zuba faransanci: ba a sallamar jeran haka, akwai wa'adi, akwai kwantara.

"Wace kwantara?" in ji Alhaji. "Ni na taɓa rubuta maka wani abu? Kai ɗan rana ne, Tasi'u. Ka zo taya ni tsaron gida kwana biyu, kwanakin sunka yi yawa."

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinshi. Mushe ya hau mota sai Tawa, biron da manya ke tashi tsaye. Anka ba shi benci. Da layi ya zo kanshi anka saurare shi da kyau, anka ce ƙararshi na da ƙafa, sai dai ya kawo ko da takarda ɗaya mai nuna ya taɓa riƙe mangazar. Wasiƙarshi mai tampo huɗu kuwa ta ɓace tsakanin tebur da tebur. Ya dawo ya zazzage ɗakinshi. Mutumin da ya buga wa jaki tampo bai taɓa rubuta wa kanshi ko layi ɗaya ba, don a ganinshi rana ba ta bukatar shaida. Takardar rumfa ma Alhaji ya sa an kankare ta daga bango. Ya bi ma'aikata gida gida. Tabawa ta nuna mishi murhu. Isaka ya nuna mishi hayaƙi. A duk faɗin Madawa, takardun da ke ɗauke da sunanshi da kalmar jeran a ƙasa tara ne, kuma suna gindin kwalla ɗaya.

Rahila ta sauka lahiya, ta sami ɗiya mace. Ranar suna da safe taubashina ya aiko a kira ni, ya ce in kai shi, don ƙafarshi ba ta san hanyar gidan ba. Ya sa kwat. Hammatar hagu ba kowa, hannun na reto kamar bai san inda zai zauna ba. Bayan an shafa fatiha maza sun watse, ya tsuguna bakin zana, wurin da masu kawo itace ke tsayawa, ya roƙi Tabawa ta isar da sallama. Ya yi barka. Ya yaba sunan jaririya. Ya ce shi da Rahila ai tamkar wa da ƙanwa ne, shekara tara ba kwana tara ba. Sannan ya sauke murya ya ce aron takardun nan yake so, kwana biyu rak, ko guda ɗaya ma ta isa.

Ana jin jaririya na tsotso. Sai muryar Rahila ta fito daga bayan zana, a natse.

"Mushe, an gode da barka. Amma wagga magana ta aiki ce, ni kuwa ina cikin hutu. Saura sati bakwai. In na koma, ka same ni a mangaza, sai in yi tunani ko na san ka."

Garkuwar leburori ya buɗe baki shina neman artikil. Tabawa ta miƙo mishi goro ɗaya ta saman zana, ta ce ya matsa daga hanya, masu kawo ruwa za su wuce.